Kafaɗar da Baba Bai Tura Ba

Jiya muna dawowa daga garin Tamale sitiyarin jirgin saman da muka hau ya mutu, matuƙin ya riƙa juya jirgin da injina kawai. Injin dama ya ƙara ruri, muka karkata hagu, sai na tuna marigayi Baba.

Makanikin jirgi ne, kullum yana warin baƙin mai. A tsakar gidanmu a unguwar Nima yakan miƙar da hannuwan Yaya Sani kamar fikafikan jirgi, ya tura kafaɗarsa ta dama. "Ka gani? Hagu ka yi."

"Baba, ni fa?"

"Je ki duba waakye, uwata." Wato shinkafa da waken da ke kan wuta.

Yaya ma ya manta darasin. Ni da na sace shi daga bakin murhu, shi na riƙe har muka sauka.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haɗa mu inda za ka tura tawa kafaɗar.