Man da Na Shafa wa Wuyan Molo

Tun ranar da aka kawo ni Boɗinga daga Shagari nake tsoron a bar mini ajiya. Ko tulu na ɗauka sai in ji kamar zai fashe a hannuna. Shi ya sa ban taɓa kusantar molon maigidana ba, yana rataye can sama da inda nake kwantar da ɗiyarmu.

Manomi ne, amma in ana biki a Sifawa ko Dingyaɗi shi ake kira. Da hannunsa ya sassaƙa molon. Tsirkiya uku gare shi, kowacce an ɗaure ta a wuyan da zoben fata. In zai gyara murya sai ya tura zoben sama ko ƙasa, ya tsaya cak inda ya bar shi.

Shekarar da Nasara suka sa a tara mutane aikin haƙar kuza, sunansa ya fito. Da safen tafiya ya sauko da molon ya aza mini a cinya.

Ya ce, "Bazara na tsage icce. Ran Juma'a ki lakato man kaɗe, ɗan kaɗan awa ƙwarar gero, ki murza ma wuyan da tsumma har shi ɓace."

Na ce, "In ya tsage fa?"

"Sai in riƙa kaɗa ki. Ai kin hi shi ƙara."

Juma'a biyu na yi yadda ya ce. Ana nan na hango wani ɗan zane a iccen, siriri kamar gashi. Na koma shafawa kullum. Duk sanda aka kawo labarin sanyin can da tarin da ke kama mutane, sai in ƙara. Da man kaɗe ya ƙare na sa man shanu. Wuyan ya yi baƙi yana ƙyalli, ni kuwa har daɗi nake ji.

Maigidana ya dawo a rame, tari ba ya barinsa ya kai ƙarshen magana. Kwanansa uku ya ce in miƙo masa molon, ɗiya ta fara tafiya, yana so ya ga ko za ta taka rawa. Ya tura zoben farko, ya sulale. Ya sake, ya sulale. Ya dubi yatsunsa.

"Sau nawa kika shafa?"

"Kullum."

"Kin yi mai kiwo awa ragon layya." Ya fara dariya, tari ya karɓe ta.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in goge da toka in shanya a rana, kafin damina man zai fita. Kullum da hantsi iccen na tsatso mai, ina gogewa, shi yana kallo daga tabarma. Kwana tara kafin ruwan fari Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu zoben na tsayawa. Ɗiyar ta shekara biyar, tana tambayata yadda kiɗan babanta yake, ni kuwa a lokacin matan aure ba mu zuwa inda ake kaɗawa, ta bayan danga kawai nake ji. In a cikinku akwai wanda ya taɓa jinsa a wajen biki, don Allah ya biyo ta Boɗinga ya rera mata ko waƙa ɗaya, ya kuma sa shi a addu'a.