Baba Sannu-Sannu da Wayoyi Biyun da Ya Ƙi Haɗawa

"Ba zan haɗa ba."

Abin da Baba Sannu-Sannu ya ce wa manajan ma'aikatar gyaran jiragen ruwa ke nan, yau shekara takwas, yana tsaye cikin ruwa har ƙugu a bayan wani farin jirgi mai inji. Ni ina kan jirgin, riƙe da mitar gwada wuta. A lokacin ɗaliba ce ni, kwalejin fasaha ta turo ni koyon aiki na wata shida a hannunsa. Zan dawo kan wannan rana. Bari in fara gaya muku ko wane ne shi, domin ƙarshen watan nan zai ajiye sufana ya bar aiki, kuma na san babu wanda zai tara masa mutane.

Kullum shi ke fara isowa. Ya rataye rigarsa a ƙusa ta uku, ya naɗe ƙafar wando, ya shimfiɗa wani tsohon tawul a kan benci, ya jera sufana, filaya, sukundireba da ɗan guntun sanfefa. Shagon yana warin girisi da jiƙaƙƙen katako. Har yau in na ji wannan wari sai in tuna da shi.

Jiragen da yake gyarawa injinsu na ciki, amma abin da ke tura su yana waje, ta baya. Makanikai suna ce masa ƙafa, ita ke ɗauke da farfela. Direba yakan ɗaga ta ko ya sauke ta da maɓalli, gwargwadon gudu da zurfin ruwa, amma daga sitiyari ba ya ganinta. Allurar wani ɗan agogon awo da ke gabansa ce ke gaya masa inda take. A gefe biyu na ƙafar akwai sensa biyu, 'yan na'urori masu jin motsinta, kowace kamar murfin gwangwani. Ɗaya ke kai wa allura labari. Ɗayar ke hana ƙafar tashi fiye da kima jirgi yana gudu, don in ta wuce, inji zai rasa ruwan da ke sanyaya shi, gaɓar ƙafar kuma na iya karyewa a tsakiyar ruwa, da mutane a ciki.

Na zo wurinsa kaina a kumbure, da littattafai a jaka. Ranar farko aka kawo jirgin da allurarsa ta maƙale a sama. Ko dubawa ban yi ba na ce, "Sensa ta mutu, a canja."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, Injiniya. Kin ga gawarta?"

Ya sa na ɗora mita a kan wayoyin, shi kuma ya shiga ruwa ya ce wa direba, "Ɗaga sannu-sannu." Daga wannan magana ya samo sunansa, don a rana yakan faɗe ta sau hamsin. Yana bin wayar da ɗan yatsa, sai ya zo inda take lanƙwasa ta shiga jikin jirgi, ya ɗan murɗa. Lambar mitata ta yi tsalle. Wayar ta tsinke ta ciki, robarta kuwa lafiya lau.

"Ita sensa baiwar Allah ce," in ji shi. "Kullum ana ɗora mata laifin da ba nata ba. Fara da batir, ki bi waya, ki gwada agogo. In duk sun wanke kansu, sannan ki tuhume ta."

Na ji kunya, na kuma ji haushi. Washegari na riga shi zuwa. Ya tarar da ni a ƙofa, ya ce, "Injiniya, nan kika kwana?" Ya ba ni ƙusa ta huɗu in rataye jakata.

Ku tambayi Dogo, direban jirgin da ke kai majinyata asibiti. Makanikai uku sun canja masa agogo har sau biyu, allura tana ta rawa. Baba ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga koriyar tsatsa a bakin waya ɗaya, ya goge da sanfefa, allura ta nutsu. Dogo ya fara zuba godiya, Baba ya ce, "Tafi, marasa lafiya na jira." Ku tambayi matarsa, wadda duk muke kira Mama. Takan kawo masa abinci ta tsaya a bakin ruwa tana cewa, "Shekara talatin ina auren mutumin da rabinsa a jiƙe yake. Na roƙi Allah miji, ya ba ni agwagwa." Shi kuwa sai ya ce, "Ai ke kika zaɓa."

Baba, kai ne ka koya mini cewa allurar da ta yi shiru ta fi allurar da ke ƙarya, don mai shiru tana sa direba ya kula. Kai ne mai yatsun da ke jin ciwon waya ta cikin roba.

Yanzu ga wancan farin jirgi. An sayar da shi, mai saye zai zo ɗauka da yamma. A wannan karon sensar da ke hana ƙafa tashi ta mutu da gaske, ruwa ya cinye cikinta, ta allurar ma ta kusa mutuwa. Sababbi sai bayan kwana goma. Manaja ya zo da takalminsa mai sheƙi ya tsaya inda ba zai jiƙe ba.

"Baba, yanke wayoyi biyun sensar nan ka haɗa su, ƙafa ta riƙa tashi. Allura kuma ka saita ta ta tsaya a tsakiya. Minti biyar ne."

"Ba zan haɗa ba."

"Wa zai sani?"

"Direban zai sani, ranar da ba zai so sani ba. Ka gaya wa mai saye ya jira, ranka ya daɗe. Ko ni in gaya masa."

Manaja ya juyo kaina yana murmushi. "Ke 'yar makaranta, ai kin iya. Ni ke sa hannu a takardar koyon aikinki, kin tuna?"

Na tuna. In babu hannunsa, wata shidan nan sun tafi a banza, sai na maimaita shekara. Na dubi Baba. Ko ɗaga ido bai yi ba, yana goge sufana da tsumma. Daga baya ya ce mini da gangan ya yi, wai ba ya so in ƙi don kunyarsa. Na kashe mita na ce, "Ni ma ba zan haɗa ba."

Na san kuna jira in ce jirgin ya lalace a tsakiyar ruwa, manaja ya zo yana ba da haƙuri. Bai faru ba. An kira wani ya haɗa, jirgi ya tafi, ban sake jin labarinsa ba. Babu wanda ya ba mu gaskiya, kuma ban zo neman ta ba. Abin da muka sani a ranar ya ishe mu.

A ƙarshen mako aka sallami Baba, bayan shekara ashirin da biyu. Ya cire rigarsa daga ƙusa ta uku, ya naɗe kayan aiki cikin tawul. Ni kuma na koma gida da takarda babu sa hannu. Mahaifiyata ta ce, "Taurin kan nan naki, ga inda ya kai mu." Na zauna aji ɗaya da ɗaliban da ke bayana, ƙawayena suna ɗaukar hoton gama makaranta. Masu dariya sun yi ta yi. Na gama, kuma yau ni ke koyar da wutar jirgi a kwalejin da na maimaita. Darasin farko da nake ba ɗalibaina shi ne: batir, waya, agogo, sannan sensa.

Baba ya kafa rumfar kwano can ƙarshen gaɓa. Babu injin ɗaga jirgi a wurin, don haka duk aiki cikin ruwa yake yinsa, sanyi ko zafi. Direbobi sun bi shi, Dogo ne na farko.

Na gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu sana'a, matasa irina, in aka ce ku haɗa wayar da kuka san bai kamata ba, ku yi irin nasa. Amma kada wani ya ce muku kyauta ne. Ni na biya da shekara guda. Shi ya rasa bencinsa da ƙusarsa, ya yi shekara takwas tsaye cikin ruwa, yau gwiwoyinsa ba sa lanƙwasa, sai Mama ta sa masa takalmi. Makon jiya na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya shafa gwiwa ya ce, "Kullum da safe. Amma da an sake cewa in haɗa, Injiniya, ba zan haɗa ba."