Jan Fenti a Ƙarƙashin Sheƙa

Har yau ƙarfe bakwai da kwata na safiyar wata Litinin ba ta fita daga raina ba. A lokacin na sauka daga keke a bakin tsohon ɗakin taro na makarantarmu a Keffi, na ji ƙarar shebur yana kankare bango.

Ina ajin ƙarshe, ina aikin bincike na kammala karatu a ƙarƙashin wani malami da muke kira Dakta. Aikina shi ne lura da tsattsewa, ƙananan tsuntsayen nan da ke zuwa da farkon damina, su ɗebo laka da baki su gina sheƙa a ƙarƙashin rufin ɗakin. Idan 'ya'yansu suka yi fiffike sai su tafi, sai wata shekara. Dakta yana son sanin ko waɗanda suka tafi su ne ke dawowa.

Ƙa'idar aikin ita ce, duk sheƙar da na ga ƙwai ko 'ya'ya a ciki, in ɗiga jan fenti a ƙasanta, don kada a sa tsani kusa. Ja muka zaɓa saboda ana hango shi daga ƙasa.

Da na zagaya, sai na tarar da leburori uku a kan tsani. Laka ta zube ko'ina, da ɓawon ƙwai, da 'yan tsuntsaye tsirara, wasu suna motsi. Iyayen suna ta kewaya sama suna kuka.

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma na je wurin shugabansu, wani dattijo mai suna Baba Ayuba.

"Baba, don Allah ku tsaya. Aikina ne."

Ya dube ni, ya dubi bangon. "'Yata, ke kika sa jan nan?"

Na ce ni ce.

"To ai mu a wurinmu, duk inda aka sa ja, cirewa ake yi. Je ki Abuja ki ga gidajen da za a rushe. Har na ce wa yaran nan, yau an samu mai hankali ya rage mana aiki."

Ɗaya daga saman tsani ya ce, "Anti, da kin sa kore ai da mun gaishe su mun wuce." Babu wanda ya yi dariya.

An ba su aikin fentin ɗakin kafin bikin yaye ɗalibai. Sheƙun da na yi wa alama suka fara bi, wato masu rai a ciki. Ofishinsu na gyare-gyaren makaranta da sashenmu bango ɗaya ya raba, amma babu wanda ya taɓa tambayar wani yadda yake aiki.

Na kwashe 'yan tsuntsayen da suka rage a kwali. Kafin la'asar babu ko ɗaya mai rai.

Na tambayi Dakta ko iyayen za su dawo baɗi. Ya ce in canza batun bincikena. Na sake tambaya bayan mako, ya ce zai duba littafi.

Ranar da aka gama fentin na haɗu da Baba Ayuba yana wanke buroshi a bakin famfo. Na yi masa tambayar da na yi wa Dakta. Ya daɗe yana matse ruwa kafin ya ɗago.

"Za su zo, 'yata. Shekara da shekaru ina ganinsu. Amma fentin mai aka ce mu sa. Laka ba ta kama shi."