Wutsiyar Sha-kauci

Kawuna ya rasu da bazara, kafin mu yi shuka. Shi ya rene ni a ƙauyenmu kusa da Zugu. Jiya na ga sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai tsotsar fure, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Ni a wurina duk ɗaya suke. Shi kuwa ya raba su gida-gida: mai rawayan ciki na rani ne, mai jan maƙogwaro ɗan gari ne, kore mai sheƙi shi ne na damina. Ba ya shuka sai koren ya fito da doguwar wutsiya.

A shekararsa ta ƙarshe ruwan farko ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, kowa ya tafi gona. Na ɗauko iri. Yana kwance gindin kaɗanya, yana numfashi da ƙyar.

"Ina za ka da gero, ɗan nan?"

"Kawu, mutane sun shuka."

"Mutane na da ido? Dubi wancan koren, wutsiyatai ba ta hito ba. Aje."

Na ajiye irin, raina a ɓace, ina tsoron damina ta wuce mu. Ruwa ya ɗauke, shukar mutane ta ƙone. Ranar da na ga wutsiyar, na rugo gida in gaya masa, na tarar an lulluɓe shi.

Na shuka bayan jana'iza. Geron ya yi kyau, Kawu bai ci ba.

Yanzu yana maƙabartar gabas da gari, kusa da tsamiya. Allah ya sanyaya makwancinsa.