Layin da Baffa Ya Ja wa Duna

Muna cin tuwo da baƙi a Gagarawa, sai karena Duna ya zaburo ya kifar da miyar kuka. Kunya ta kama ni, na rarumi sanda.

Baffa, tsohon mafarauci, ya riƙe hannuna. "Ajiye, ɗana. Ga dabarar babanmu tun lokacin da Turawa suka fara shigowa Gumel."

Ya ja layi a ƙasa, nesa da tabarma. In Duna ya kwanta bayan layin, a jefa masa loma. In ya tsallako, kowa ya kau da kai.

Cikin sati biyu ya natsu!

Jiya na kai hannu kwano kafin manya su fara. Baffa ya ce, "Kai ma a ja maka ne?"

A gidanku wa ke buƙatar layin nan?