Ruwan da Bai Sauka a Funtua Ba

Mutanen Funtua suna da wata cuta, kuma babana ya kamu da ita sosai: gani suke abin da bai faru a Funtua ba, to bai faru ba. Garin da jirgin ƙasa da auduga suka raya, amma in ka ji ɗan garin yana cewa "ƙauyawa" sai ka rantse kakansa ne ya kafa tashar. Ka tsare mutum a bakin kasuwa ka tambaye shi inda aka binne cibiyarsa. Wannan ya ce ƙasar Maska, wancan ƙasar Bakori, wani Kafur. Dawar da muke tuƙawa daga can take zuwa a bayan jaki, itacen girki ma haka.

Namu ƙauyen yana gefen Gozaki. Baba ya bar shi tun ba a haife ni ba, ya kama aiki a tashar jirgi, ya ba abokinsa na ƙuruciya aron gonarmu ta gado. Baffa muke ce masa ko da yake ba jini ɗaya ba. Shi musulmi, mu masu zuwa coci, wannan bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Abin da ya shiga, dami ne.

A can, wanda ya ari gona yakan kai wa mai ita damin dawa duk kaka. Ba don yunwa ba, don kowa ya ga an ɗauko shi an kai, ya tuna gonar ta wa ce. Baffa ya yi ta kawowa. Sai Baba, da ya saba da awo a kasuwa, ya fara cewa, "Haba, bar shi, kai ma da iyali." A Funtua wannan kirki ne. A ƙauye kuwa sakin gona ne. Baffa ya daina kawowa, daga baya har ya dasa mangwaro a gefen fadama, abin da mai aro ba ya yi.

Shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran a kira ni koyon aikin jinya, 'yancin kai bai daɗe ba, aka gaya wa Baba ritayarsa ta matso. Gidan da muke ciki na ma'aikata ne, za mu fita. Inna da ƙannena ba su da inda za su ci sai wannan gonar. Baba ya ce zai kai ƙara wurin alƙalin gari. Wani akawu abokinsa ya yi masa dariya, ya ce ikon garin nan bai kai can ba, gona tana ƙasar dagacinku, can za ka durƙusa.

Na bi shi ƙauye. Ba a barin mace a zauren dagaci, sai na zauna bayan zana tare da Gwaggo, yayar Baba da ke zaune a ƙauyen, ina jin komai. Baba ya yi bayani mai tsawo irin na ofis. Baffa bai yi musu ba ko sau ɗaya, ya ce dai, "Ranka ya daɗe, na kai dami an ce in koma da shi." Dagaci ya gama sauraron su. Sannan ya ce ba zai karɓe gona daga hannun mai noma ya ba wanda zai bar ta ta zama saura ba. In ruwan shuka ya sauka bana, Baba ya zo ya sa iri da hannunsa, gona tasa ce. In ƙasa ta jiƙa ba ya nan har Baffa ya shuka, kada a ƙara kawo masa maganar.

A hanya na ce, "Baba, ka zauna nan kawai har a yi ruwan."

"Hutuna kaɗan ya rage. In na cinye shi ina zaune, ranar shukar me zan ce wa manyana a wurin aiki?"

Gwaggo ta ce to za ta aiko da zarar an yi ruwa. Ya ɗaga mata hannu. "Kada ki wahalar da kowa, Yaya. Ai ina da ido. Da ya sauka zan shiga mota."

Muka koma. Jakar iri tana bakin ƙofa, ba mai taɓa ta. Zafi ya yi zafi. Kullum da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shanya, Baba ya fito tsakar gida ya kafe sama da ido, sai hadarin ya watse. Inna ta daina magana wajen cin tuwo. Ni kuwa haƙuri ba halina ba ne, na yi ta faɗa da ƙannena a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wata safiya Inna ta aike ni sayen itace. Na ɗaga ɗauri ɗaya na ji nauyi, na shafa, a jiƙe. Na dubi jakin mai itacen, jan taɓo ya bushe masa har gwiwa.

"Baba mai itace, daga ina?"

"Wajen Tsiga, 'yata."

"Ruwa aka yi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana tana fitowa. "Ke, mu da muka kusa gama shuka? Shekaranjiya aka kwana ana zuba shi. Ku nan ba ku samu ba?"

Tsiga ba ta da nisa da ƙauyenmu. Ban ajiye itacen ba. Da shi na ruga tasha, mayafi yana ja a ƙasa. Na sami Baba a bakin dandamali cikin kakinsa.

"An yi ruwa a gida!"

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Wallahi sama ya duba. "Wane ruwa? Ko ɗigo ba a yi ba."

"Ba a nan gonar take ba, Baba!" Na tura masa itacen a ƙirji. Ya taɓa, ya shinshina yatsunsa, fuskarsa ta canza. Ya juya ya nufi ofishin shugabansa da sauri irin wanda ban taɓa gani a ƙafarsa ba.

Motar ba ta tashi sai ta cika. Muna zaune a kan benci, karen mota yana ta kiran fasinja yana wasa da masu talla, ni ina ji kamar in shaƙe shi. Bayan Bakori ƙasa ta fara yin duhu. Can gaba mutane ne ko'ina cikin gonaki, maza suna sara da sungumi, mata da yara suna bi suna zuba iri suna takewa da dunduniya. Baba ya rungume jakar irinsa, bai ƙara duban waje ba.

Sauran hanyar a ƙafa muka yi. La'asar ta yi lokacin da muka hango mangwaron. Baffa yana cikin gonar da 'ya'yansa, gefen fadama duk an shuke shi.

Ya dogara da sunguminsa. "Mutumin jirgi! Sai yanzu? Naka jirgin ya makara."

"Ba a yi ruwa a gari ba," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa.

"To a garin za ka shuka?" Babu dariya a fuskarsa. "Jiya yini guda na bar ta ina kallon hanya, yaran nan suna mini gunaguni. Yau ta fara shan iska. In bar ta ta bushe, mu duka mu rasa?"

'Ya'yansa sun tsaya da ƙoƙon iri a hannu, suna jiran ya ce a ci gaba. Bisa hukuncin dagaci yana da ikon gamawa, kuma kafin magariba za su gama. Na buɗe baki na ce, "Baffa, kai ka san gonar kakana ce," Baba ya daka mini tsawa in rufe masa baki. Baffa ya dube ni, ya dubi takalman aikin Baba da taɓo ya cinye.

"Inda na sa iri na sa, ba na tonewa," ya ce. "Daga ɗorawar can zuwa tudu ban taɓa ba." Ya miƙo sungumin. "Ka dai tuna yadda ake riƙewa?"

Tudun nan rairayi ne da tsakuwa. Ƙasa mai kyan ta tafi, da fadamar da mangwaron, kuma ba ta dawo ba. Baba ya cire takalma ya naɗe wando. Saransa na farko ya karkace, ɗaya daga cikin yaran ya ƙunshe dariya. Na kwance jakar na bi bayansa ina zubawa ina takewa, ina kuka don haushi, ban ma san haushin wa ba.

Na riga Baba komawa Funtua. Ranar da ruwa ya sauka a garin, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, jiƙe sharkaf, tana murna.

"Ke 'yar boko, ruwan shuka ya zo! Maza a gaya wa babanku ya kama hanya."