Shirun Kang Warjo a Idon Ruwan Lirang

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Larabar ƙarshe ta watan Safar, wato Larabgana, kafin azahar, Allah Ya karɓi ran Suwarjo na ƙauyen Tuksari, wanda muke kira Kang Warjo, wato Yaya Warjo, mai tsaron idon ruwan kogin Lirang. Ba ciwo ne ya kwantar da shi ba. Lauje ne, kuma daga hannun ɗan garinmu. Ni Kasiran, mai kula da ƙofar ruwa ta Kedungwaru, ƙauyen da ke ƙasan dutse, mijin ƙanwarsa Tumini, a gabana aka yi.

Kang Warjo, duk wanda ya san ka ya san bakinka ba ya hutawa. Ranar da na je neman auren Tumini kai ka yi ta zuba har shayi ya huce, ni da na zo da magana na koma da ita a cikina, kuma a haka aka ba ni mata. Shi ya sa tattakin Larabgana ya dace da kai. Kowace shekara mutanen ƙauyukan nan biyu sukan taru a masallacinmu, maza da lauje don nome ciyawar bakin ruwa, mata da farantan shinkafa mai kurkum da kaji, sai ka shiga gaba da gorar ɗiban ruwa a kafaɗa da tabarka mai kanumfari a baki, mu bi kogi har inda ya fito.

A tsohuwar gadar Turawan Holan kakan tsaya ka ba da labarin Baturen da ya faɗa ruwa da dokinsa, kuma kowace shekara dokin sai ya ƙara girma. A kangon tsohon wurin bauta, inda sassaƙaƙƙen bijimin dutse yake kwance ba kai, sai ka dafa shi ka ce wa jama'a: "Ga kakan Kasiran nan, ku gaishe shi. Kun ga shi ma kan ne ba shi da shi." Tun ina jin haushi har na koma jiran wurin. A bakin kogon da Japanawa suka sa kakanninmu haƙawa ne kaɗai ba ka wasa. Kakanka a ciki ya mutu da diga a hannu, sai ka kashe tabar ka ja mu Fatiha. Daga kogon hanya takan miƙe sama, kuma na sha ganin ka goya tsofaffin garinmu a wannan hawan, kana yi musu tsiya cewa sun cinye shinkafar bana su kaɗai.

Daga kabarin wanda ya sari garin, ƙarƙashin cediya, magana takan ƙare. Ba mai cewa uffan sai mai tsaro ya tsoma gorarsa a idon ruwa ya cika ta. Haka muka gada, kuma an ce in wani ya yi magana a tsakani ruwan shekarar zai janye. Nakan ce maka wannan ɗan tsakanin ne kaɗai hutun kunnuwanmu.

Bana rani ya yi tsawo. Fadamunmu sun tsattsage, shukar shinkafa ta yi ja, ni kuwa kullum ina tsaye a ƙofar ruwa ina raba abin da bai isa wanke ƙafa ba. Maganganu suka fara yawo a garinmu cewa mutanen Tuksari suna tare ruwa a sama. An yi jifa a kasuwa, an fasa wa wani kai. Na ce maka a ɗage tattakin bana, ko a bar lauje a gida. Ka yi mini dariya ka ce da haƙora za mu yi noman ke nan.

Abin da ba mu sani ba, da sassafen ranar ka tarar da mushen aladen daji ya kumbura a magudanar da ke gangarowa garinmu. Kai da ɗan yayanka Gimin kuka ja shi waje, kuka toshe magudanar da duwatsu da laka, kuka karkata ruwan zuwa kwazazzabo don kada 'ya'yanmu su sha ƙazanta. Ka bar Gimin a kan ya buɗe kafin mu iso. Ba ka gaya wa kowa ba, don ka san mutanenmu: mushe a ruwa ranar Larabgana, da mata sun juya da farantansu, da an shekara ana cewa idon ruwa ya yi fushi. Gimin kuwa ya ga ruwan bai daina wari ba, ya bar shi a toshe.

Muka fito daga ƙarƙashin cediya shiru, muka sha kwana, sai ga magudanarmu a bushe, ga tarin duwatsu, ga Gimin, ɗan Tuksari, tsaye a kai da fartanya. Na ji numfashin mutanen garinmu ya sauya a bayana. Ka juyo, ka ɗaga hannu, ka toshe hanci, ka nuna daji. Ba wanda ya gane. Gimin ya buɗe baki zai yi bayani, ka ɗora yatsa a leɓe, ya haɗiye maganarsa. Idon ruwan yana gabanka kaɗan, da ka yi sauri ka tsoma gorar da an yi magana. Amma Jumari, wanda gonarsa ta ƙone ƙurmus kuma matarsa ke da tsohon ciki, ya riga ya zabura da lauje ya nufi Gimin. Ka koma da baya ka shiga tsakaninsu.

Laujen ya same ka tsakanin wuya da kafaɗa. Na ji ƙararsa a ƙashi, don wurin tsit yake. Abin da ba zan manta ba ke nan har in mutu: an fara kashe juna ba mai ihu. Gimin ya maka wa Jumari fartanya a fuska, hancinsa ya baje. Wani ɗan garinmu ya sari hannun Gimin, yatsu suka zube a ciyawa. Maza suka cakuɗe, lauje a baya, dutse a ka, gora a haƙarƙari, ana tattake shinkafa da jini, mata suna jan mazajensu da haƙora a dantse don kada kuka ya fita. Mutane suna yanka juna a kan ruwa, kuma kowannensu yana tsoron kada muryarsa ta kori ruwan.

Na rarrafa na iso ka, na danne raunin da rawanina, jini yana fitowa ta tsakanin yatsuna. Ka ture ni. Ka ja jiki da gwiwa da hannu ɗaya, kana jan gorar, har bakin ruwa. Ka tsoma ta, ka jira ta cika. Sai a lokacin ka yi magana, muryar da ta saba cika kwari ta koma ƙasa-ƙasa.

"Mushe ne, ku mahaukata. Ni na toshe. Kasiran, gaya musu."

Na miƙe na yi ta ihu ina gaya musu har muryata ta dishe. Kafin su ji, ka yi kalmar shahada a cinyar matarka Yu Parinem, wato Yaya Parinem, ka cika.

Ina jin haushinka, Kang, kuma ba zan ɓoye ba don ka mutu. Ka shekara sittin kana surutu a kan dokin Bature, ranar da kalma ɗaya za ta tsare jini ka zaɓi nuni da hannu. Na san abin da za ka ce: da ka yi magana ruwan ya ƙafe, wa za a zarga, kuma me Kedungwaru za ta sha? Don mu ka yi shirun. Sanin haka bai rage mini komai ba.

Da la'asar samarin Tuksari suka gangaro da kalanzir. Suka ƙone gidan su Jumari da garken shanunsa, dabbobin suna ɗaure a ciki, suka karya ƙafar mahaifinsa da taɓarya, sai zuwan 'yan sanda ya tsayar da su. Jumari yana hannun hukuma, rabin fuskarsa a ɗinke. Bayan jana'iza dattawanku suka yanke cewa duwatsun da ka jera su zauna inda suke, Kedungwaru ta jira ruwan sama. Ban yi musu ba, ba ni da bakin yi. Na dawo na zauna a ƙofar ruwa busasshiya, Tumini kuwa ta kasa kallon maƙwabtanmu.

Ranar sadakar uku, ana tsaka da tahlili, Yu Parinem ta yi magana daga bayan labule, gidan cike da maza. Ta ce:

"Mijina ya toshe ruwan nan ne don ya wanku, kuma ya wanku. Duk wanda zai bar shi a toshe ya ajiye mini shinkafata ya fita, ba na son addu'arsa. Gimin, hannu ɗaya ya rage maka, ya isa ɗaga dutse."

Ba wanda ya fita. Washegari da hantsi ruwa ya iso ƙofata. A tsarin rabonmu gonar farko ta gidan su Jumari ce. Na daɗe tsaye riƙe da katakon da ke tare ruwan, Allah Ya sani ban so ba, sannan na ɗaga shi. Matar Jumari tana bakin gonar da cikinta, ba ta ɗago kai ba.

Allah Ya jiƙan ka, Kang Warjo, Ya yafe maka kurakuranka, Ya karɓe ka cikin waɗanda aka kashe suna raba faɗa. Ya sanyaya kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yu Parinem da 'ya'yanta Sulasih da Triyono, da Gimin, Allah Ya ba shi lafiya, da matata Tumini, da duk mutanen Tuksari, in za su karɓa daga bakin ɗan Kedungwaru. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya yafe wa garinmu. Amin.